Cire Tumbi Kafin Cuta ta Bayyana: Gadon Sankarar Tumbi da Tiyatar Riga-kafi

1.0 Gabatarwa

Sankarar tumbi, wadda jama'a suka fi kira kansar ciki ko ciwon dajin ciki, tana cikin cututtukan daji biyar da suka fi yawa a duniya. Ƙididdigar hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta nuna cewa a shekarar 2022 kusan mutum 970,000 ne suka kamu da ita, kimanin 660,000 kuma suka rasu. An fi samun ta a gabashin Asiya, wato Japan da Koriya da Sin da Mongoliya. Mafi yawan masu kamuwa da ita dattawa ne, kuma sanadinta a fili yake: ƙwayar cutar Helicobacter pylori da ke zama a tumbi shekara da shekaru, yawan cin gishiri da abincin da aka adana da shi, da shan taba. Kimanin kashi 10 cikin 100 na masu cutar ana tarar da wani ɗan uwansu ya taɓa yin ta, sau da yawa saboda tukunya ɗaya suka ci, rijiya ɗaya suka sha. Waɗanda suka gaje ta a jini kai tsaye ba su wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba.

Wannan takarda ta tsaya ne a kan wannan ɗan ƙaramin kaso, musamman iyalan da ke ɗauke da tawaya a ƙwayar gado mai suna CDH1. Adadinsu kaɗan ne, amma abin da ake ɗora musu yana da nauyin gaske: a ce wa saurayi ko budurwa mai shekara ashirin da 'yan kai, mai cin abinci lafiya, mai barci lafiya, ya kwanta a cire masa tumbi gaba ɗaya saboda cutar da ba ta riga ta taɓa shi ba. An zaɓi kalmar tumbi a nan domin a bambanta jakar da abinci ke sauka a cikinta da kalmar ciki, wadda ta haɗa hanji da hanta da sauran kayan ciki.

2.0 Sankarar da ba ta yin ƙari

A shekarar 1965 wani likitan binciken tsoka ɗan ƙasar Finlan, Pekka Laurén, ya kasa sankarar tumbi gida biyu. Kashi na farko yana taruwa wuri ɗaya, ya yi ƙari ko gyambo da ido ke iya gani idan aka zura kyamara. Shi ne ya fi alaƙa da tsufa da daɗaɗɗen kumburin bangon tumbi. Kashi na biyu shi ne mai bazuwa. Ƙwayoyinsa ba sa haɗa kai su yi dunƙule. Ɗaya bayan ɗaya suke ratsa bangon tumbi ta ƙarƙashin fatarsa ta ciki, kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta sumul. Idan aka duba irin wannan ƙwaya a madubin likita, za a ga majina ta cika ta har ta ture cibiyarta gefe guda, ta koma kamar zobe mai hatimi, kuma da wannan sunan likitoci ke kiranta. Idan cutar ta yi nisa, bangon tumbi kan yi kauri ya sandare kamar tandu, ya daina buɗewa idan abinci ya shigo.

Wannan kashi na biyu shi ake gada ta hanyar CDH1. Matsakaicin shekarun da yake bayyana a irin waɗannan iyalai bai kai arba'in ba, kusan 38. Alamominsa na farko ba su da bambanci da na gyambon ciki: ƙwannafi, kumburin ciki, saurin ƙoshi, tashin zuciya. Kafin rama da amai da baƙin bayan gida su bayyana, cutar ta riga ta ƙetare bangon tumbi ta shiga kaluluwa ko rigar hanji. Waɗanda aka gano tasu tun tana saman bango, fiye da kashi 90 cikin 100 suna rayuwa. Waɗanda aka gano tasu bayan ta bazu, mafi yawansu ba sa kai shekara biyar. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce dalilin duk wata muhawara da za ta biyo baya.

3.0 Iyalin da suka tashi neman dalili

An daɗe ana zargin cewa wannan cuta tana bin jini. Napoleon Bonaparte ya rasu a tsibirin Saint Helena a 1821, kuma likitocin da suka buɗe gawarsa sun ba da rahoton cuta mai tsanani a tumbinsa. Mahaifinsa ma da ciwon tumbi ya rasu a 1785. Wannan ya sa masana ke yawan kawo gidansu a matsayin misali. Amma hujja ta kimiyya daga wani wuri mai nisa ta fito, daga wani babban dangi na ƙabilar Maori da ke yankin Tauranga a tsibirin arewa na ƙasar Niyu Zilan.

A cikin shekara talatin, wannan dangi ya binne mutum 25 sanadin sankarar tumbi. Mafi yawansu ba su kai arba'in ba, ƙaramin cikinsu yana da shekara 14. Tun a 1964 wani likita ya rubuta rahoto a kan dangin a wata mujallar likitanci ta ƙasar, amma maganar ta tsaya nan. Wasu daga cikin dangin sun ɗauka la'ana ce ta bi su. A tsakiyar shekarun 1990, wata ma'aikaciyar jinya daga cikinsu, Maybelle McLeod, ta tuntuɓi Jami'ar Otago da ke Dunedin, inda ta haɗu da masanin ƙwayoyin gado Parry Guilford. Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran irinsa shi ne dangin ne suka nemi masana, kuma ba su sakar musu ragama ba. Su suka zauna suka jero salsalarsu kaka da kakanni, suka tantance wanda ya mutu da abin da ya kashe shi, suka bi gida-gida suna shawo kan 'yan uwa su ba da jini, suka kuma kafa wata cibiya tasu mai suna Kimihauora domin kula da lamarin. Maori mutane ne masu riƙon asali da haddace jerin kakanni, kuma wannan al'ada ita ta zama kayan aikin binciken.

A 1998 mujallar Nature ta buga sakamakon: a wannan dangi da wasu dangogin Maori biyu, an sami tawaya a ƙwayar gadon CDH1. Cikin 'yan shekaru aka gano irin wannan tawaya a iyalai na Turai da Amurka da Asiya, ciki har da wani babban dangi a tsibirin Newfoundland na Kanada. A 1999 masana suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta duniya a kan gadon sankarar tumbi, wadda ta riƙa fitar da ƙa'idojin kula da waɗannan iyalai tana sabunta su a 2010 da 2015 da 2020. Tawagar Otago da abokan aikinta na dangin sun karɓi babbar lambar kimiyya ta Firayim Ministan Niyu Zilan ta shekarar 2023. Mawaƙin nan ɗan Maori, Stan Walker, wanda ya gaji tawayar daga mahaifiyarsa, an cire masa tumbi a 2017, kuma fim ɗin da aka yi a kan jinyarsa ya sa mutane da yawa a ƙasar suka san cutar.

4.0 Yadda ake gadonta

Ƙwayar gadon CDH1 tana kan kuromosom na 16. Aikinta shi ne ba da umarnin ƙera wani furotin mai suna E-cadherin, wanda ke manne ƙwayoyin fatar tumbi da juna kamar yadda laka ke riƙe tubali. Kowane mutum yana da kwafi biyu na wannan ƙwaya, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji kwafi ɗaya mai tawaya yana rayuwa da ɗayan lafiya lau. Sai dai a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon tumbi, wata rana kwafin na biyu zai lalace ko ya yi shiru a wata ƙwaya. Daga nan mannin ya saki, ƙwayar ta rabu da 'yan uwanta, ta nutse cikin bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai karatu da ya san cutar sikila zai fi gane lamarin idan aka kwatanta su. Sikila ba ta bayyana sai yaro ya gaji tawayar daga uwa da uba duka, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. A nan kuwa mahaifi ɗaya ya isa. Duk ɗan da mai ɗauke da tawayar ya haifa, namiji ko mace, yana da rabi da rabi: ko ya gada, ko ya tsira. Kowace haihuwa da nata rabon, don haka gida mai 'ya'ya shida yana iya samun biyar sun gada, wani gidan kuma ko ɗaya. Wanda bai gada ba, ba zai ba 'ya'yansa ba, kuma haɗarinsa ya koma daidai da na kowa. Auren zumunci ba shi ne sanadin wannan cuta ba, kuma auren bare ba ya kawar da ita.

Tawayar ba a tumbi kaɗai take aiki ba. Matan da ke ɗauke da ita suna da babban haɗarin wata irin sankarar mama da ke farawa daga jakunkunan da ke samar da nono, wadda ita ma bazuwa take yi ba ta cika yin ƙullutu ba. A wasu iyalai kuma ana haihuwar yara da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa. A 2013 an gano wata ƙwayar gado ta biyu, CTNNA1, da ke haddasa irin wannan cuta a wasu iyalai ƙalilan. Akwai kuma iyalai masu yawa da tarihinsu ya cika duk sharuɗɗa amma gwaji bai nuna tawaya a ko ɗaya daga cikin biyun ba.

5.0 Wanda ya kamata a gwada

Ƙa'idojin 2020 sun ba da shawarar gwaji idan mutum biyu ko fiye a dangi na kusa sun yi sankarar tumbi, kuma aƙalla ɗaya an tabbatar mai bazuwa ce. Ko idan mutum ɗaya ya yi mai bazuwa kafin shekara 50. Ko idan aka sami mai bazuwa a wani, sannan aka sami irin waccan sankarar mama a wata 'yar uwa kafin shekara 70. Haka nan mai sankara mai bazuwa da ke da tarihin tsagaggen leɓe a gidansu, da duk ɗan Maori da ya kamu da ita ko shekarunsa nawa. Gwajin da kansa ba wahala: jini ne ko yawu. An fi so a fara da wanda ya riga ya kamu, domin idan aka gano takamaiman tawayar gidan, gwajin sauran dangi ya zama mai sauƙi da tabbas. Ba a cika gwada yara ba sai sun kai shekara 16 zuwa 18, lokacin da za su iya fahimtar abin da sakamakon ke nufi su amince da bakinsu. Kafin a ɗebi jinin kowa, wajibi ne ƙwararre ya zauna da shi ya warware masa abin da zai biyo baya, domin sakamakon da aka ji ba a mayar da shi.

6.0 Alƙaluman da suka yi ta sauka

Tambayar da kowane mai ɗauke da tawayar ke fara yi ita ce: cikin mutum ɗari irina, nawa ne cutar ke kamawa? Amsar ta sauya ƙwarai cikin shekara goma, kuma wannan sauyi shi ne zuciyar takardar nan.

Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa kafin shekara 80, kashi 70 cikin 100 na maza da kashi 56 na mata za su kamu da sankarar tumbi, kashi 42 na mata kuma da ta mama. Da irin waɗannan alƙaluma, shawarar tiyata ba ta buƙatar dogon tunani. Sai dai iyalan da aka yi lissafin da su, su ne waɗanda mutuwa ta fi yi wa ɓarna, domin yawan mutuwar ne ya kai su hannun masana tun farko. Kamar mai son sanin yawan masu zazzaɓi a gari ne ya je ya ƙirga mutanen da ke layin asibiti. Da gwajin ƙwayoyin gado ya yi araha, aka fara gwada ƙwayoyi da yawa a lokaci guda, sai aka riƙa cin karo da tawayar CDH1 a matan da suka zo saboda sankarar mama, waɗanda babu wanda ya taɓa ciwon tumbi a gidansu. Nazarin 2019 da ya haɗa da irin waɗannan ya sauko da adadin zuwa kashi 42 ga maza da 33 ga mata. A 2024 masu bincike na cibiyar cutar daji ta ƙasar Amurka suka buga nazari a mujallar JAMA a kan iyalai sama da 200 na Arewacin Amurka, inda suka ƙiyasta haɗarin sankarar tumbi mai nisa da kimanin kashi 10 ga maza da kashi 7 ga mata, na mama kuma kusan kashi 37. Amma nazarin ya nuna cewa ga wanda 'yan uwansa na jini uku suka kamu, haɗarin ya haura kashi ɗaya cikin uku.

Ma'anar wannan ita ce tawaya iri ɗaya ba ta yi wa kowane gida hukunci iri ɗaya. Takardar sakamakon gwaji ita kaɗai ba ta isa a yanke shawara a kanta ba. Sai an ɗora ta a kan tarihin gidan, mutum nawa suka kamu, suna da shekara nawa, kuma yaya kusancinsu yake. Likitan da har yau yake faɗa wa kowane mai tawaya kashi 70 yana tsoratar da wasu fiye da ƙima. Wanda kuma ya ɗauki kashi 10 ya miƙa wa ɗan gidan da ya binne uwa da yayye biyu, ya yaudare shi.

7.0 Leƙen tumbi da iyakarsa

Hanya ɗaya da ake bi a madadin tiyata ita ce leƙen tumbi duk shekara da siririn bututu mai kyamara, wanda ake zurawa ta baki. A tsarin da masanan Cambridge suka shimfiɗa, likita yakan ɗauki aƙalla rabin awa yana hura tumbin yana sacewa, yana wanke bangon, yana neman ɗan wuri da ya yi fari-fari, sannan ya gutsuro tsoka wajen talatin daga sassa dabam-dabam. Wani tsarin na Amurka yana gutsuro 88. Duk da haka ana kuskure, domin tabon da ake nema sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, kuma yana kwance ne a ƙarƙashin fata mai kyan gani.

Abin da ya tabbatar da wannan shi ne binciken tumbunan da aka cire. A 2001 David Huntsman da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum biyar da aka yi wa tiyatar riga-kafi. Dukkansu an sami ƙwayoyin sankara a tumbinsu, alhali leƙen da aka yi musu bai nuna komai ba. Mai binciken tsoka yakan shimfiɗa tumbin a kan allo, ya yanyanka shi ɗaruruwan yanka, ya duba kowanne a madubi. A wani nazari na 2004 a kan tumbunan 'yan Maori shida, an ƙirga tabo daga 4 har zuwa 318 a tumbi guda. Idan aka bi wannan hanya, fiye da kashi 90 cikin 100 na tumbunan masu tawayar ana samun irin waɗannan tabo a cikinsu.

A nan ne lissafin ya ɗaure kai. Kusan kowa yana da tabon, amma ba kowa ne cutar ke kashewa ba. Ke nan mafi yawan tabon kwanciya suke yi shekara da shekaru ba tare da sun motsa ba, kaɗan ne ke farkawa su ratsa bango. Babu wani gwaji a yau da ke nuna wanne ne zai farka, ko yaushe. Nazarce-nazarcen da aka buga a 2023 daga Cambridge da Amurka sun nuna cewa a cibiyoyin da suka ƙware, bibiyar mutum da kyamara hanya ce da za a iya dogara da ita na wani lokaci, kuma samun ɗan tabo ɗaya ba ya nufin a garzaya ɗakin tiyata a makon. Sharaɗin shi ne ƙwarewa. Leƙen minti biyar da aka saba yi wa mai gyambon ciki ba ya cikin wannan lissafi. Duk wanda aka samu da Helicobacter pylori kuma ana ba shi maganin kashe ta. Mata suna fara hoton MRI na mama duk shekara daga shekara 30, domin hoton mama na yau da kullum yakan kasa ganin irin wannan sankara.

8.0 Tiyatar

Ga mai tawaya da ya fito daga gidan da aka tabbatar da cutar, ƙa'idojin 2020 sun ba da shawarar cire tumbi tsakanin shekara 20 zuwa 30, kuma ba su ƙarfafa yin haka bayan shekara 70 ba. Ba a cire rabi a bar rabi, domin kowace ƙwaya ta fatar tumbi tana ɗauke da tawayar. Likita yakan yanke daga ƙarshen bututun abinci a sama zuwa farkon ƙaramin hanji a ƙasa, kuma tun mutum yana kan gado ake aika bakin yankan biyu ɗakin bincike a tabbatar ba a bar ko ɗan ɓallin fatar tumbi ba. Daga nan sai a yanke ƙaramin hanji, a jawo reshe ɗaya sama a ɗinke shi da bututun abinci, ɗaya reshen mai ɗauke da ruwan matsarmama a haɗa shi can ƙasa, da tazarar kusan santimita 50, domin kada ɗacin ya riƙa hawowa ƙirji. Wannan ɗinki mai siffar harafin Y sunan likitan Siwizalan César Roux yake ɗauke da shi. Cire tumbi ɗungurungum kuwa tsohon aiki ne, Carl Schlatter ya fara yin sa cikin nasara a Zurich a 1897. Yau ana yin sa ta buɗe ciki ko ta ƙananan huda da kyamara.

A manyan cibiyoyi, mutuwa sanadin aikin ga matashi mai lafiya ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma zaman asibiti kusan mako guda ne. Abin da aka fi tsoro a kwanakin farko shi ne yoyon ɗinkin sama. Daga baya kuma wurin yana iya tsukewa har haɗiya ta yi wuya, sai an buɗa shi. Idan aikin ya yi kyau, haɗarin sankarar tumbi ya kau kusan baki ɗaya.

9.0 Rayuwa ba tumbi

Mutum yana rayuwa ba tumbi, ya yi aiki, ya yi aure, mace ta ɗauki ciki ta haihu lafiya idan ana bibiyar abincinta. Amma jikin da ya fito daga ɗakin tiyata sai an sake koyon zama da shi. Tumbi rumbu ne kuma turmi: yana ajiye abinci, ya kirɓa shi, ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan. Da ya tafi, haƙora ne za su yi aikin turmin, agogo kuma ya yi aikin yunwa, domin sinadarin da ke sa mutum jin yunwa mafi yawansa daga tumbi yake fitowa. Mutum yana iya wuni bai ji marmarin komai ba, alhali jikinsa yana ƙarewa. Don haka ake cin abinci sau shida zuwa takwas a rana, abin da bai wuce cikin ƙaramin kofi ba a watannin farko, ana tauna kowace loma har ta zama ruwa, kuma ba a haɗa ci da sha. Sai a ba da tazarar rabin awa. A shekarar farko yawanci ana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jiki kafin ya tsaya.

Abin da ya fi wahalar da mutane shi ne zubowar abinci cikin hanji a lokaci guda. A ɗauki wanda ya sha kofin kunu mai sukari ko lemon kwalba a tashi ɗaya. Cikin minti goma zuwa talatin hanji zai jawo ruwa daga jini, ciki ya murɗa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, zufa ta karyo, jiri ya ɗebe shi har sai ya kwanta, wani lokaci gudawa ta biyo. Bayan awa ɗaya zuwa uku kuma wani zagayen yana iya zuwa: jiki ya saki insulin da yawa, sukarin jini ya faɗi, hannu ya kama rawa, tunani ya rikice. Maganinsa yana cikin kwano: a rage zaƙi, a fifita ƙwai da kifi da nama da wake da gyaɗa, a ci a hankali. Yawanci abin yana sauƙi bayan shekara guda, ko da yake wasu suna fama da shi har abada.

Akwai kuma rashin da ba a ji sai ya yi nisa. Tumbi ne ke samar da sinadarin da ke sa hanji ya tsotsi bitamin B12. Ajiyar da ke hanta tana iya kai mutum 'yan shekaru, daga nan sai ƙarancin jini, da mutuwar yatsu, da lalacewar jijiyoyi wadda ba lallai ta gyaru ba. Saboda haka allurar B12 ko ƙwayarta mai ƙarfi ta zama abokiyar rayuwa. Sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D su ma suna raguwa, ƙashi ya yi rauni, tsakuwar matsarmama ta fi saurin fitowa. Ga Musulmi akwai batun azumi, domin jikin da ke buƙatar abinci duk bayan awa biyu ko uku ba ya jure wuni, kuma buɗe-baki da kayan zaƙi shi ne ainihin abin da ke tayar da waccan matsala. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta da likita da malami tun kafin tiyata.

10.0 Nauyin shawara

Mai ɗauke da tawayar yana tsaka mai wuya, gaba kura baya siyaki. Idan ya yi tiyata, ya sayi kwanciyar hankali da lafiyar da yake da ita a hannu, kuma ba zai taɓa sanin ko cutar za ta zo masa ba da ya bari. Idan ya jira, kowace shekara sai ya kwanta a leƙa, ya yi kwanaki yana jiran sakamako, kowane ƙwannafi kuma ya tayar masa da hankali. Waɗanda suka yi jinyar uwa ko ɗan uwa har suka ga ƙarshen cutar sun fi saurin zaɓar tiyata. Wasu sukan jinkirta har su gama karatu ko su gama haihuwa. Duka biyun zaɓi ne na masu hankali, kuma aikin likita shi ne ya ba da alƙaluma na gaskiya da suka dace da gidan mutum, ya bar masa shawarar.

Sakamakon gwaji kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Ranar da aka tabbatar wa mutum, an faɗi wani abu game da iyayensa da 'yan uwansa da 'ya'yansa. Uba yakan ji kamar shi ya cuci 'ya'yansa, wanda ya tsira yakan ji nauyin ɗan uwansa da bai tsira ba, wani kuma ya ce sam ba ya son ya sani, kuma wannan haƙƙinsa ne. Akwai tsoron a guji gidan wajen aure, da tsoron rasa aiki ko inshora. Amurka ta kafa doka a 2008 da ta hana nuna bambanci saboda sakamakon gwajin gado a wajen ɗaukar aiki da inshorar lafiya, amma ba ta shafi inshorar rai ba. Ɓoye maganar domin kare sunan gida abu ne da ake iya fahimta, sai dai farashinsa ran ɗan uwa ne da zai zo asibiti a makare.

Gwajin CDH1 da leƙen tumbi irin na ƙwararru suna da tsada, kuma sun taru ne a ƙasashe masu hali. Amma abin da dangin Tauranga suka fara da shi bai ci ko kwabo ba: sun zauna sun rubuta sunayen matattunsu da shekarunsu da ciwon da ya ɗauke su. A asibitocin ƙasar Hausa, inda Helicobacter pylori ta yi yawa kuma kusan kowane ciwon ciki ake kiransa olsa, matashin da ya yi watanni yana shan maganin gyambo ba sauƙi, yana rama, yana ƙoshi da loma uku, ya cancanci a leƙa tumbinsa a gutsuro tsoka ko da bangon ya yi kyan gani. Kira ga likitoci da ma'aikatan jinya shi ne kada su sallami irin wannan majiyyaci sai sun tambaye shi wa da wa ciwon ciki ya kashe a gidansu, kuma suna da shekara nawa, sannan su rubuta amsar a katinsa.